Ƙusa Ta Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe shida na safe, ni da Ngaire muna tsaye a ruwa,
takalman roba har ƙugu, sanyi har ɓargo.
Can baya dutsen Taranaki ya ja bargon gajimare,
bai farka ba tukuna.

Ƙusoshi arba'in muka kafa a gaɓar nan bara,
kowace kamu biyu, muka buga har kai ya nutse.
Aikina in auna abin da ya leƙo.
Ƙarfe ba ya tsiro, in ji Ngaire,
in ka ga ƙusa ta yi tsawo, ƙasa ce ta tafi.

Ta bakwai, faɗin yatsa.
Ta tara, ko gezau, gizo-gizo ma ya yi ɗaki a kanta.
Ta goma sha ɗaya muka nema muka rasa.
Gaɓar da ke riƙe da ita ta bi ambaliyar Yuli,
da ita da turakun shinge biyu.
Ngaire ta ciji fensir, ta rubuta: ta ɓata.
Ni na san wurin.
Nan nake miƙe ƙafa ina yaro, ina jifan ruwa da tsakuwa.

Kakana Alastair ne ya miƙe rafin nan.
Ya ce ruwa mai kwana-kwana asarar makiyaya ne.
Ya ɗauko katafila, kwana tara,
ya mai da shi sambal kamar layin littafi.
Ruwan da aka hana lanƙwasa sai ya koyi gudu,
mai gudu kuwa ba ya rabo da yunwa:
ya ci gindi, sama ta rufta,
kofaton shanu ya ƙarasa saura.

Akwai wani ɗan kifi,
inanga sunansa a bakin kakannin Ngaire,
tsawon yatsa, ba ƙari.
Ba ya zuba ƙwai a ruwa.
Jira yake daren da teku ta tumbatsa
ta turo rafi baya har cikin ciyawar gaɓa,
sai ya kutsa gindin ciyawa, inda laima ke kwana,
ya ajiye amanarsa a tudu, ya juya.
Makonni ƙwan na kwance
yana sauraron ruwa ya dawo ɗaukarsa.
To gaɓar da ta zama gulbin taɓo,
wa zai ba ajiya?

Muka ja shinge baya taku goma.
Muka dasa harakeke mai saiwa kamar yatsun maƙeri,
muka binne kututture, muka mayar wa ruwa da kwana biyu
cikin bakwai da aka ƙwace masa.
Kafin dashe ya kama, muka ɗaure damman ingirici a bakin gaɓa,
masaukin aro.
Babana ya ƙirga takun nan goma da ƙafarsa,
sati uku gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Yau muna durƙushe, muna buɗa ingirici sili-sili.
Ngaire ta yi shiru irin wanda na sani.
Ta miƙo mini gilashin awo.
Ga su nan, ƙanana kamar gishiri ya jiƙe,
kowane da ɗigo biyu baƙaƙe.
Idanu ne. Suna kallona.
Ɗari biyu da sha biyu a faɗin tafin hannu,
na ƙirga sau biyu, hannuna na rawa,
na ce sanyi ne.

Ƙarar babur, haushin kare.
Babana ya tsaya a kanmu, hannu a aljihu.
Don wannan? ya ce.
Ba wanda ya amsa.
Ya daɗe, sannan gwiwarsa mai ciwo ta taɓa laka,
ya karɓi gilashin, ya kai ido, ya daɗe.

Da ya miƙe bai dube mu ba.
Ƙusarku, ya ce, mai jan fenti a kai,
na tsince ta a yashi ƙarƙashin gada.
Tana rumfar tarakta.
In za ku sake bugawa, gudumata ta fi taku nauyi.